Ruwa da Wuta a Valparaíso

Ni ce Ximena Oyarzún, mai binciken kamfanin inshora.
Shekara goma sha tara ina hawan tuddan garin nan
da jaka, da tocila, da gwiwar da ta fara ƙara.

Ranar Litinin fayil biyu suka kwana a teburina,
ɗaya na warin laka, ɗaya na ƙauri.

Na lakar na Herminia Cárcamo ne,
mai gidan burodi a gindin tudu.
Ruwan Yuni ya gangaro, ya shige ta ƙofar baya,
ya jiƙa buhun fulawa arba'in, ya kashe tanda.
Da muciya a hannu ta tare ni.
Ta kira kamfani ɓarawo, ta haɗa da ni, ta haɗa da kakata.
Ranar ma sau biyu ta sauya ta:
Talata ce, a'a, Laraba,
oho, wa ke duba kalanda yana tsaye cikin ruwa har gwiwa?
Rasit ɗinta a kwandon ƙwai suke, rabi sun narke.

Maigidana Aldunate ya ce, “Sa mata jan alama,
mai yawan ihu da abin da yake ɓoyewa.”
Na buɗe masa shafi na goma sha ɗaya,
layin da ba ya karantuwa sai da tabarau:
in bututu ya fashe, mu biya,
in sama ta zubo, ba ruwanmu.
Ita “ruwa” ta karanta ta sa hannu,
mu muna tambayar wane ruwa.
Na ce masa wannan gardama ce a kan kalma,
gaban alƙali ma tana iya kayar da mu.
Na ƙirga buhunan, arba'in ne cif.
Har ta manta da ma'auninta da ya yi tsatsa,
ni na tuna mata.

Nelson Barría kuwa kujera ya jawo mini.
Shagon ɗinkinsa na bayan tashar jiragen ruwa ya ƙone ƙurmus.
Ya zuba mini shayi, ya miƙo rasit a jere,
kowanne cikin ledarsa.
Sau uku na tambaye shi daren,
sau uku amsa ɗaya, ko waƙafi bai goce ba.
Kekunan ɗinki goma sha biyu, in ji shi.

Na durƙusa cikin toka.
Ƙarfe ba ya zama hayaƙi.
Kan keke uku na tono, tsofaffi, ɗaya ma ba allura.
Wata biyu kafin nan ya ninka kuɗin inshorarsa.
Hoton mahaifinsa, da maƙwabta suka ce
shekara talatin yana rataye a shagon,
ga shi a falonsa, bayan kansa, yana kallona.
Kyanwar shagon, wadda ba ta taɓa kwana a waje ba,
daren nan gidan ƙanwarsa aka kai ta.
Gobara ba ta sallama,
amma wannan har goron gayyata ta raba.

Kada a ce shayi laifi ne, ko zagi shaida.
Na taɓa jan layi a sunan wani direba
don kawai hannunsa na rawa.
Mai gaskiya ne. Sai da ya sayar da motar kafin na gane.
Tun ranar na daina auna fuska.
Abin da nake tambayar toka da laka:
wa ya san da zuwan asarar tun ba ta zo ba?

Fayil ɗin Barría ya tafi wurin lauyoyi.
Da yamma na sauka tudun, hazon teku na tasowa.
Herminia ta aro tandar maƙwabta, ta ci gaba da gashi.
Na sayi burodi biyu.
A bayan takardar canji na rubuta mata
adireshin ofishin da ake kai ƙarar kamfanina,
hawa na uku, a je da safe.
Ta karɓa, ta cusa a aljihu,
ta ce har yanzu ni ɓarauniya ce,
ta ƙara mini ɗaya mai zafi.