Sai Kaza Ta Ƙyanƙyashe

A ƙofar gidanmu na Birni, gindin dogon yaro,
take tsaye, da dutse a gaban kowace taya,
Fijo kat-san-kat, launin madarar da ta kwana.
Ta girme ni da damina tara.

Baba Nomau ya saye ta hannun wani likitan dabbobi
shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi.
Yana ce mata Hajiya, ko da ba ta ga Makka ba,
iyakarta Agadas, sau biyu,
ta dawo da yashi har cikin haƙora.

Ga lotsawa a ƙofar hagu:
raƙumi ne, a hanyar Tanut, bai ba da haƙuri ba.
Ga tabo a kujerar baya:
nan Tsahara ta faɗo duniya
tsakanin Mirriya da asibiti,
Baba na tuƙi, yana salati, yana zagin ramuka.

Yanzu gari ya sauya murya.
Babura na wucewa shiru kamar mage a kan tabarma,
sun sha rana tun hantsi, sun ƙoshi.
Yaron da ke jera mini kwalaben esansi
kusa da Kasuwar Dole
ya koma sayar da wayar caji.
In na ce a zuba lita biyar
sai ya dube ni kamar mai ciniki da kuɗin wuri.

Shekaranjiya Alhaji Kanta ya zo daga Yamai.
Ya kewaye ta sau uku,
ya ƙwanƙwasa mata gaba kamar mai zaɓen kankana,
ya ce akwai masu tara irinta a ƙetaren teku,
su goge ta, su ajiye ta a ɗakin gilashi,
ba ƙura, ba tafiya.
Ya faɗi kuɗi. Na nemi wurin zama.

Kuɗin za su rufe ɗakin Inna da ke yoyo,
su saya wa Badamasi keken da yake mafarki,
mai shan rana, mai ɗaukar mutum huɗu,
har a rage na buhun hatsi.
Na lissafa da yatsu, na sake lissafawa,
lissafin bai yi mini ƙarya ba.

Ma'azu makanike ya ce, kar ka sayar,
kawo ta in cire injin in dasa mata batir.
Na ce, Ma'azu, wa zai yi tarin asuba?
Da tarin nan unguwa ke sanin
Nomau ya fito, a tashi a ɗora koko.

Daren jiya na shiga na zauna a mazauninsa.
Sitiyari ya suɗe daidai inda tafinsa ke kwana.
A aljihun gaba: busasshen goro,
tabarau mai ƙafa ɗaya,
da takardar bashin wani Ɗanjimo
da ba a taɓa biya ba.
Ban murɗa makulli ba. Tankin a bushe yake.
Na dai riƙe, kamar yadda na riƙe hannunsa
ranar da ya daina gane mu.

Ai ƙarfe ne, in ji Tsahara a waya,
Baba yana kushewa, ba ya cikin mota.
Gaskiyarki, na ce.
Amma ke, ba a cikinta kika fara kuka ba?
Ta yi shiru har katinta ya ƙare.

Da safe na leƙa baya in share kujera,
sai ga jar kazar Inna ta baje fukafukai
a kan ƙwai goma sha ɗaya,
tana harara ta kamar ni ne baƙo.

Alhaji ya dawo da jakar kuɗi a hammata.
Na ce, ranka ya daɗe, akwai mai haya a ciki.
Kwana ashirin da ɗaya take bukata.
Ka dawo in ta ƙyanƙyashe,
mu ga abin da Allah zai sa a bakina.