Gyara

A Gadarif, bakin kasuwar riɗi,
Baba Mantau ya shekara talatin
yana juya tsinke a kan tukuba.
Agashe, in ji Larabawa.
Kalmarmu ce suka ara, har yau ba su maido ba.

Wata Talata da hantsi
wani mai zaƙin murya ya ce a rediyo
naman jaki ake gasawa a bakin kasuwa.
Ya faɗi suna, ya kwatanta rumfa,
sannan ya sa kiɗa.

Kafin la'asar, ƙudaje kaɗai ke tayawa.

Ni na rubuta ƙarar.
Baba na faɗi da Hausa, ina sa mata rigar Larabci.
Ya ce, "Sa'ade, rubuta musu:
ragunan Ɗanlami mahauci ne, yana nan da ransa, a tambaye shi.
Rubuta: ban taɓa cin amanar cikin mutum ba."
Ya dangwala yatsa,
yaji ya bi tawada.

Damina ta zo, ta tattara, ta tafi.
An yanke riɗi, an sussuke dawa,
sai ga takarda daga Hartum da hatimi biyu.
Wai kwamiti ya zauna, ya saurari faifan,
ya gano tasha ta saɓa wa sashe na kaza:
ba ta bincika ba,
ba ta ji ta bakin mai rumfa ba.
Hukunci: ta janye, ta ba da haƙuri.

Kwana uku muna kasa kunne jikin akwati.
Dare na huɗu, ƙarfe biyu saura,
tsakanin farashin auduga da rufe tasha,
wata murya mai jin barci ta karanta layi biyu.
Ko sunan ba ta faɗa daidai ba.

Ƙarya ta fita da rana tsaka, kasuwa na ci,
gaskiya kuwa ta biyo dare da takalmi a hannu.
Shaidunta uku: ni, Baba,
da wani direban babbar mota a hanyar Kasala.

Shi ne ya fara tsayawa da safe.
Bai dubi takardar da muka rataye a leda ba,
ya ce a ba shi tsinke biyar.
Baba ya naɗe masa shida.

"Wannan fa, Hajji?"

"Gyara ne.
Mu da rana muke yin namu."