Madubin Bakin Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya ina gaban injin matse gyaɗa
a nan Gombe, bayan Bolari,
shekara goma sha ɗaya ana mana tsawa:
"Sa hula! Sa safar hannu!"
Mu sa, in Oga na kallo.
Ya ba da baya, hular kwano ta koma kan ƙusa,
kai ya sha iska.

Allon gargaɗi ya daɗe a bango
har ido ya daina gaishe shi.

Ranar da bel ya ja yatsun Kwairanga biyu
mun yi jugum kwana uku.
A na huɗu hannu ya koma inda ya saba.
Tsoro baƙo ne, ba ya daɗewa.
Sabo ne ɗan gida.

Sai aka kawo Malama Talatu daga Kaltungo,
'yar siririya, da littafi a hammata.
Mako guda ba ta ce uffan ba, kallo kawai:
ina muke tuɓe takalmi, ina muke shan shayi,
ƙarfe nawa gajiya ke hawa ido.

Ta zare ƙusar hula daga lungu
ta kafa ta daidai inda hannu ke miƙa katin shiga.
Ta rataye madubi, ta rubuta a ƙarƙashinsa:
"Wannan ake jira a gida."
Ta ce kowa ya liƙa hoto a cikin hularsa.
Na kawo na Ladidi,
ranar da ta fara makaranta, haƙoran gaba babu.

In ta ga ka kashe inji kafin ka zura hannu
sai ta tsaya a gaban kowa:
"Na gani, Barde."
Shi ke nan, kalma uku.
Ni da furfurata
sai da na kai su gida, na kwana da su.

Wanda ya ce, "Saura ƙiris da ta ci ni,"
ba a taɓa albashinsa.
Benci ake ja, a ji yadda aka yi.

Yanzu Kwairanga ke riƙe da alli
da yatsu ukun da suka rage:
kwana ɗari da tara, ba jini.

Jiya zan fita sallar asuba
sai na ji kaina sakayau.
Hannuna ya tashi da kansa
yana laluben hula
a bangon ɗakina, inda babu ƙusa.