Wasiƙar Wani Shittu

Shekara talatin da biyu na yi a reliwe,
ina ɗaga tuta, wannan jirgi ya wuce, wancan ya tsaya.
Ban taɓa tura jirgin Kano ya nufi Ƙaura ba.
Amma takarda guda, mai nauyin ganyen zogale,
ta gagari gidan waya.

Duk Talata in hau kekena daga Tudun Wada,
in haye Kubanni, in gangara Sabon Gari,
makulli a aljihu, rai a wuya.
In buɗe akwati, gizo-gizo ya yi mini maraba,
shi kaɗai ne ma'aikacin da ba ya fashi a nan.

Ran da akwatin ya haihu kuwa, ɗan ba nawa ba ne.
Shittu Namadi, haka aka rubuta, sunana tsaf.
Na yage ambulan da haƙori don ɗoki:
"Baba, an sauka lafiya, mace aka samu, suna ran Lahadi."
Ni da ban da ɗa a Fatakwal!
Na duba kan sarki, na ƙura wa hatimi ido:
jaririyar nan ai yanzu ta yi haƙora, tana tatata.

Sai ta biyu, mai zare yana bin kuɗin zarensa.
Sai ta uku, wata tana cigiyar zanenta na Sallah.
Ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba.

Na je taga. Barau na ɓare gyaɗa a bayan raga.
"Jakar Legas ba ta iso ba, Baba, a dawo jibi."
Na san jibin Barau, babu shi a kalanda.

Wata rana jikana, mai ido kamar na shaho,
ya ce, "Kaka, nan fa Tudun Jukun aka sa,
kuma huɗu-shida-ɗaya ce lambar, taka huɗu-ɗaya-shida."
Na ɗaure wasiƙun da roba, na bi lungu ina tambaya,
har aka nuna mini shago ƙarƙashin darbejiya.

Tela ne, tsoho kamata, tabarau ɗaure da zare.
Na ce, "Salamu alaikum, Shittu."
Ya ce, "Wa ke magana?" Na ce, "Shittu."
Ya karanta ta farko, ya sake karantawa,
ya cire tabarau ya goge da bakin riga.
Wata goma sha huɗu yana fushi da ɗansa,
wai an yi haihuwa ba a ko gaya masa ba.

Sannan ya sunkuya, ya ɗaga ƙafar keken ɗinki,
ya zaro takarda ninki huɗu, duk man keke.
"Wannan ta zo bara. Turanci ne, ban gane ba,
keken kuwa yana rawa, sai na tokare shi da ita."

A zo Kaduna tantance 'yan fansho, goma ga Maris.
Wanda bai zo ba, za a ɗauka ya rasu.
Ashe tun bara na mutu,
ina ta hawa keke, ba wanda ya yi mini ta'aziyya.

Muka yi dariya har tari ya sarƙe mu.
Ya aika aka sayo koko, ya auna ni kyauta.

Da na koma gida na cika shafi uku da ƙorafi,
na lasa kan sarki biyu, na jefa wa shugaban gidan waya.
Jiya tela ya aiko yaronsa da ita:
an dawo wa mai ita, in ji hatimi.
Ya ce in na karanta in mayar masa,
keken ya soma rawa kuma.