Lissafin Dutsen Guga

A Garwa, can bayan kasuwar Yelwa,
akwai rumfar da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
Nan babana Mairiga ya shekara talatin
yana shaƙar hayaƙin dalma,
yana sulhu tsakanin waya da waya.

Da yana ta sauko masa a ido
bai rufe rumfa ba.
Cewa ya yi, Delu, zo ki ara mini naki.
Ni ke riƙe ma'auni, jan tsinke da baƙin tsinke,
shi ya karkata kunne
kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti.

Wata Laraba, zafi har kwalta na danƙo,
sai ga Hamajoda tela da dutsen guga a hammata:
sau uku ke nan yana cinye mini fiyus,
ga ɗinkin salla jibge,
ko dai aljani ne a cikinsa?

Baba ya shafa dutsen kamar goshin jinjiri.
Delu, me bango ya ce?
Na ce bolt ɗari biyu da ashirin.
Turin da Lagdo ta aiko mana ke nan. Nawa ke wucewa?
Allura ta yi rawa, ta tsaya.
Amfiya biyar.

Raba turi da abin da ya wuce.
Na ja kwalin sukari, na lashi bakin fensir.
Arba'in da huɗu.
Om ke nan, in ji shi, gardamar ƙarfen da ke ciki,
turjiyar da yake yi kafin ya ba wuta hanya.
Yanzu ninka su.
Na yi kuskure, na goge da yawu, na sake.
Dubu da ɗari.
Wat ke nan, cin da yake ci,
shi ne zafin da ke kwantar da wuyan riga.

Sai ya juya wajen da yake zaton tela yake,
alhali tela na ɗaya gefen:
dutsenka lafiya lau.
Fiyus ɗinka na amfiya uku ne,
ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Tela ya ce, to in ɗaure wurin da jan ƙarfe mana,
kowa ma haka yake yi.

Baba bai tanka ba.
Ya buɗe tafin hagu, inda fata ta naɗe
kamar ledar da ta sha rana.
Delu, in waya ta taɓa 'yar'uwarta, turjiya ta kusa sifili,
raba ɗari biyu da ashirin da wannan.
Na soma, lamba na ta kumbura,
kwali ya ƙare, ba ta ƙare ba.
Ya ce, to a daren da na ga amsar
shago huɗu ne suka zama toka.

Tela ya ajiye sefa ɗari biyar, ya tafi yana ƙunƙuni.

Bana damina biyu da rufe shi.
In an ɗauke wuta, Binuwai ta yi baƙi ƙirin,
nakan jona ƙwai a batirin babur.
Sha biyu, rabin amfiya.
Ba mai tambayata, amma bakina ya saba:
om ashirin da huɗu, wat shida,
daidai ganin bakin ƙusa.

Yakan ce ni kam om dubu ce,
ba a ratsa ni da sauƙi.
Har yau ban san yabo ne ko faɗa ba.

Da safe wani zai leƙo da rediyo a hannu,
ya dube ni, ya dubi bayana:
ina mai rumfar?
In ce, kawo in auna.