Kwalin Takalmin Ozella

Kaka Ozella ta rasu ran Talata a Toledo.
Ta bar mini tukunyar ƙarfe, da bashin wutar lantarki,
da kwalin takalmi ɗaure da igiyar shanya.

Na kwance shi a teburin kicin.
Ga tikitin jirgin ƙasa daga Yazoo, na shekarar arba'in da uku,
a taragon da aka ware wa baƙar fata.
Ga katin aikin Lucius a masana'antar gilashi,
shekara talatin yana gaban wuta
har huhunsa ya ce a kai kasuwa.
Ga hoton wani dogo, hularsa a kan gwiwa,
a bayan hoton an rubuta "Baba", shi ke nan.
Baban wa?
Mai amsar ta kwana tara a ƙasa.

Sau nawa ta ɗauko labari tana ɓarar wake,
ni kuwa idona na kan waya, ina ta "to, to"?

An ce tushiya masomin dawa.
Sai na shiga tono.
Wata Misis Kowalczyk a laburare
ta koya mini murza na'urar tsofaffin takardu,
shekaru suna gudu da baya a kan gilashi
har na iske ƙidayar dubu da ɗari takwas da saba'in:
Hannibal Tolliver, yana noma gonar wani, bai iya karatu ba.
Matarsa Dicey. 'Ya'ya shida.
Daga nan hanya ta ƙare, kamar an gina katanga.

Wata uku ina lalube a gindin katangar.
Ranar da na samu kafa, ban same ta a littafin haihuwa ba,
a takardar rabon gado na same ta,
ta wani mai gonar auduga:
agogon bango ɗaya,
alfadari biyu, dala sittin sittin,
yarinya Dicey, shekara tara, dala ɗari huɗu,
sai kujeru.
Rubutun magatakardan kyakkyawa ne, abin haushi.
Na fita na zauna a mota, ban tayar da ita ba
har aka kulle laburaren.

Yarinyar nan da aka jera da kujeru,
yau na ƙirga mata mutum ɗari biyu da goma sha huɗu.
Akwai Verlene mai cire haƙori a Tacoma.
Akwai Kawu Roscoe da ya tuƙa bas ɗin birni har ya yi furfura,
bai taɓa take ko kare ba.
Akwai Alvin da ya tafi yaƙi yana ɗan sha tara,
tuta aka kawo wa uwarsa a ninke.
Ɗaya na kurkuku, yana rubuto mini duk wata.
Ɗaya na koyar da lissafi a Atlanta,
wasiƙa uku na aika masa, shiru.
Zumunci a ƙafa yake, na sani,
amma ƙasar nan faɗi gare ta, mai kuma ya yi tsada.

Na manna farar takarda a bangon falo,
na sa Dicey can sama.
'Yata Corinne ta tsaya ta daɗe tana kallo,
ta ce, "Ita kuma wa ya haife ta?"
Na ɗauko wata takardar, na liƙa a bisa waccan,
na bar ta fara.

Shi kuwa mai hula a gwiwa
yana nan jikin firij, maganaɗisu ya riƙe shi.
Kunnuwansa irin na Roscoe ne.
Kullum da safe nakan gaishe shi
kafin in ɗauko madara.