Kanta

Babana Nomau bai iya riƙon biro ba.
Damƙarsa yake kamar kartaji,
hannu biyu, kafaɗa a sunkuye,
sai ka ce takardar fatar jar akuya ce
zai kankare mata gashi.

Shekara arba'in a majemar bakin gulbi.
Bagaruwa ta rine masa farce,
toka ta cinye zanen yatsu.
Ranar yin katin ɗan ƙasa
na'ura ta ƙi shaida shi.
Yarinyar ta ce, Baba, sake dangwalawa.
Ya sake. Ya kuma sakewa.
Ya ce, ɗiyata, bar wahal da kanki,
zanen na can jikin takalman mutanen Maraɗi.

Inna Barira kuwa riƙonta daban.
Tunkuza ba a kama ta da fushi,
lallashinta ake da tafin hannu
har mai ya tsattsafo tsakanin yatsu.
Ko kunnena ta kama, haka take murɗawa,
sannu sannu, sai gaskiya ta fito.

Ni ga ni a Babbar Kasuwa
ina gyaran salula da ɗan hantsaki,
yatsa biyu kacal, numfashi a ɗauke.
Tafina sumul, ko kanta babu.

Jiya bayan la'asar na tarar yana barci a zaure,
hannu a kan tabarma,
yatsun a lanƙwashe, sun manta miƙewa,
suna riƙe da abin da ba ya nan.
Na sa hannuna a gurbin.
Ya damƙe,
bai farka ba.